Me ya sa in raina ya ɓaci jikina ke rawa, kuma fitar da fushin ya fi ko danne shi?

Tela Mai Surfani:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Dan Allah ina da tambaya ga masu ilimin lafiya ko duk wanda ya san irin abin nan. Ni tela ne, ina da ɗan shago da yara masu koyon aiki a ƙarƙashina, kuma wallahi asali ni ba mafaɗaci ba ne, kowa a layinmu zai shaida, amma da azumi ya kama har zuwa daren sallah sai in koma wani mutum daban. Abu kaɗan ne zai tunzura ni, yaro ya saka zaren da bai hau da shaddar ba, ko a ɗauke wuta ana tsakar surfani, ko mai kaya ta zo ta ce ba irin wuyan da ta ce a yi mata ba kenan alhali hoton da ta turo yana nan zaune a wayata. Sai in ji wani zafi ya taso min daga ƙirji ya haura kunne, bakina ya bushe, zuciya tana dukan uku-uku, hannu na karkarwa har zura zare a allura ya gagare ni, kafin in ankara na zazzage wa yaro kwandon masifa a gaban mutane.

Abin da ya fi damuna ma shi ne ko an wuce wurin jikina ba ya sauka, in koma gida uwargida ta yi min sannu da zuwa in amsa mata a tsawace, haushin kaza huce kan dami. Wani ya ce min hawan jini ne, wani ya ce a nemi rubutu ƙila hannu aka sa min, wani kuma ya ce laifina ne da nake dannewa, in riƙa fitar da shi nan take. To wanne ne gaskiya? Kuma ita wannan rawar hannun daga ina take?

Ɗan Ƙwallo:
Hhhh malam tela ai duk telan ƙasar nan haka kuke komawa in sallah ta matso, mu masu kai ɗinki ne shaida. Ni dai shawarata ka samu buhu ka cika shi da yashi ka rataye a bayan shago, duk wanda ya ɓata maka rai ka je ka jibgi buhun kana tuno fuskarsa, in ka gaji sai ka dawo. Abu in ya taru a ciki dole a ba shi ƙofa mana. Ko ka fita ka ɗan yi gudu ka dawo.

Anti Nas:
Wa alaikumussalam malam tela. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma duk abin da ka lissafa, zafin ƙirji, bushewar baki, bugun zuciya, karkarwa, tafiyarsu ɗaya, kuma ba sai an sa maka hannu ba, haka jikin kowa yake in an taɓo shi.

Can cikin ƙwaƙwalwa ta wajen saitin kunnuwa akwai wasu 'yan curi biyu da ake kira amigdala, ɗaya dama ɗaya hagu, aikinsu su hango abin da ka iya zama barazana da gaggawa tun kafin ka gama tunani. In suka ga alama sai saƙo ya bi ta jijiyoyi zuwa wasu ƙananan halittu da ke zaune a saman ƙoda, su kuma su kwararo sinadarin adirenalin cikin jini. Shi ne ke ƙara wa zuciya sauri, ya sa hanta ta saki suga, jini ya karkata zuwa manyan tsokoki, narkar da abinci ya dakata, yawu ya ƙafe. Jiki ya gama shirin kokawa ko gudu kenan. Wani likita ɗan Amurka, Walter Cannon na jami'ar Harvard, shi ya fara bayanin wannan tun wajen 1915. To matsalar ita ce jikin bai bambance kura da kwastoma ba, tsokarka ta cika da ƙarfin da za ta yi dambe, kai kuma kana neman ka zura zare a ƙofar allura, dole hannu ya yi rawa.

Sannan a bayan goshi akwai sashen da ke auna magana, ya tuno maka cewa yaron nan ɗan mutane ne kuma gobe ma za ku haɗu, shi ne birkin. Shi wannan ya fi jinkiri, kuma gajiya da yunwa da rashin bacci suna cinye shi. A 2007 Matthew Walker da abokan aikinsa a jami'ar Berkeley sun hana wasu matasa bacci na kimanin awa 35, suka saka su a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna nuna musu hotuna masu tayar da hankali, sai aka ga amigdalarsu ta fi ta waɗanda suka yi bacci zabura da kashi 60 cikin ɗari, kuma alaƙarta da sashen goshin ta yi rauni. Yanzu ka faɗa min gaskiya, a goman ƙarshe awa nawa kake kwanciya? Na san telolin unguwarmu dai janareta ba ya mutuwa sai an kira assalatu.

Batun gida kuwa, adirenalin ba ya ɗaukewa kamar an kashe fitila, kuma akwai wani sinadarin mai suna kotizol da ke biyo baya a hankali, sai bayan minti ashirin zuwa talatin yake kai ƙololuwa. Shi ya sa rigima ta ƙare a shago amma jikinka yana nan a ɗame, duk wanda ya fara shigowa gabanka shi zai kwashi ragowar, baiwar Allah ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Ƙanena Ɗan Ƙwallo ka yi haƙuri, wannan buhun naka an gwada shi. Brad Bushman ya yi shi da ɗalibai 600 a Amurka, an buga a 2002. An sa kowa ya yi rubutu, aka dawo masa da shi da zagi wai wani ɗalibi ne ya duba, sai aka raba su, wasu su daki buhun dambe suna kallon hoton wanda aka ce shi ya zage su, wasu kuma su zauna shiru na minti biyu ba su yi komai ba. Da aka ba su damar ramawa, masu dukan buhu suna tuno fuskar su ne suka fi kowa fushi da mugunta, waɗanda suka zauna kawai suka fi su sauka. Kai ma in ka duba ai da hankali, kana dukan abu kana nanata laifin a ranka, zuciya na ƙara gudu, ta ina za ka huce?

Ɗan Ƙwallo:
Kai Anti kin kashe min kasuwa. To gudun fa? Ni wallahi in na buga ƙwallo da yamma duk wani takaici tafiya yake.

Anti Nas:
Ƙwallonka na nan daram. A 2024 shi Bushman ɗin da wata mai bincike Sophie Kjærvik sun tattara bincike 154, mutum sama da dubu goma, suka ga abubuwan da ke sauke jiki, numfashi a hankali, sassauta tsoka, nutsuwa wuri ɗaya, su ke rage fushi, shi kuwa sassarfa har ƙara shi take yi. Amma wasannin ƙwallo sun fita daban, suna ragewa, ana jin saboda akwai wasa da raha da mutane a ciki. Ka ga kai da yamma kake zuwa fili kana dariya da abokai, ba wai ka fito daga faɗa ka zura a guje kana ƙissima abin da za ka faɗa masa in ka dawo ba.

Abu Hafsa:
Masha Allah, Allah Ya saka wa 'yar uwa da alheri. Ina karantawa ina tuno abin da muke koya wa yara a Islamiyya. Wani mutum ya ce wa Annabi SAW ka yi min wasiyya, ya ce kada ka yi fushi, ya maimaita tambayar, amsar ba ta canja ba, yana cikin Bukhari. Kuma ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Akwai kuma wanda Abu Dawud ya kawo, in ɗayanku ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai tafi ba ya kishingiɗa, ga neman tsari daga shaiɗan, ga yin shiru. Malam tela ka lura duk ba a ce ka tsaya ka yi wa kanka dogon wa'azi a lokacin ba, jiki aka fara kamawa, zauna, rufe baki. Malamai da dama sun ce ma'anar kada ka yi fushi ba wai kada ka ji shi ba ne, don wannan halitta ce, sai dai kada ka aikata abin da yake umartarka. Maganar hannu kuwa, ka yi azkar ɗinka safe da yamma, amma abin da ke zuwa da azumi ya tafi bayan sallah duk shekara, a fara duba sababin da ke fili tukuna.

Maman Ilham:
Ni fa ina da ja a nan, ku yi min uzuri. Kullum magana ɗaya ce, yi shiru, yi haƙuri, danne. Mu mata tun ranar da aka kai mu ɗaki abin da ake ta zuba mana a kunne kenan, yi nayi bari na bari, ki zama mai haƙuri. Na san wata 'yar uwarmu da ba a taɓa jin muryarta ba, kishiya ta yi mata, dangin miji su yi mata, sai dai ta yi murmushi ta shige ɗaki ta ja labule, kowa na yabonta, yau ga ta nan kullum da ƙwayar hawan jini a jaka, dare ya yi ba ta runtsawa, abin da aka yi mata shekara goma za ta kawo maka shi da ranarsa da kayan da ke jikin mai maganar. To wannan haƙurin ne ko kashe kai a tsaye? In fitarwa ba ta da amfani, dannewa ma ai ga inda take kaiwa. Shi malam tela namiji ne, yana da yaran da zai daka wa tsawa, ita uwargidan tasa a kan wa za ta sauke nata? Anti ki amsa min wannan.

Anti Nas:
Maman Ilham kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi, kuma ban ce a danne ba fa. Ba zan iya cewa haƙurin ne ya sa wa 'yar uwarku hawan jini ba, don akwai gado, akwai gishiri, akwai ƙiba da shekaru, amma dannewa irin ta murmushin dole an auna ta. James Gross, wanda ke Stanford, tun 1993 shi da Robert Levenson suka nuna wa mutane fim mai tayar da zuciya suka ce wa wasu kada fuskarku ta nuna komai. Fuskar ta ɓoye kam, amma na'ura ta nuna jikin ya ƙara tashi ne. Daga baya aka gwada da mutum biyu suna hira, ɗaya yana ɓoye abin da ke ransa, sai ga shi har jinin abokin hirar yana hawa, wanda bai ma san me ake ciki ba. Duk wanda ya taɓa zama da mai fushin shiru a gida ɗaya ya san wannan, ba a ce komai ba amma tsakar gida ta yi nauyi.

To ba biyu ne kawai zaɓin ba, ko ka fashe ko ka haɗiye. Shirun da malam Abu Hafsa ya kawo na lokacin da jini ke tafasa ne, na ɗan lokaci, don kada baki ya yanka abin da ba zai ɗinku ba. In jiki ya sauka sai a dawo a yi maganar, da baki, da wanda abin ya shafa. Ita 'yar uwarku rabin farko ta yi shekara da shekaru, ba a taɓa ba ta filin rabi na biyu ba, kuma wannan ba matsalar ƙwaƙwalwarta ba ce, matsalar gidan ce. Sannan abin da ke cinta da dare shi ne nanatawa, duk sanda ta sake kunna abin a ranta jiki yana sake amsawa kamar yanzu ake yi.

Wani abu mai sauƙi da ke taimakawa shi ne kiran abin da sunansa. Matthew Lieberman a jami'ar UCLA ya nuna a 2007 cewa in mutum ya sa wa abin da ya gani a fuska suna, wannan fushi ne, wannan tsoro ne, amigdala tana lafawa, wani sashe na goshi ya ɗauki aiki. Mu nan komai sai mu ce raina ya ɓaci, alhali wani lokacin kunya ce, wani lokacin tsoro ne. Malam tela in ka tona da kyau ƙila ba zaren ne ya dame ka ba, tsoron a wayi gari ranar idi da kayan mutane a hannunka ne, ka karɓi aikin da ya fi ƙarfin keke uku.

Ɗalibin Saikoloji:
Anti ta gama magana, ɗan ƙari kawai. Kada a tafi da cewa amigdala ita ce gidan fushi shi kenan, masana irin su Lisa Feldman Barrett suna ja da wannan sosai, suna cewa ba wani wuri guda da fushi ke zaune, ƙwaƙwalwa ce ke ɗaukar abin da jiki ke ji ta haɗa da abin da ta saba da shi ta ba shi fassara. Bugun zuciya iri ɗaya, a filin ƙwallo murna ne, a shago fushi ne. Amfanin wannan a wurinka shi ne fassarar tana canjuwa. In ka ce yaron nan raina ni ya yi, wuta ta tashi. In ka ce yaron nan tun sahur yake kan ƙafarsa kuma a hasken tocila ya zaɓi zaren, laifin yana nan amma zafin ba ɗaya ba. Shi Gross ɗin da Anti ta ambata ya nuna wannan sauya fassarar ta fi ɓoye fuska aiki, sai dai tana son a yi ta da wuri kafin abu ya kai wuya.

Kuma su yaran, in matasa ne, sashen goshin nan ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, ka sa wannan a lissafi. Labarin da ake fara koya mana a aji shi ne na Phineas Gage, shugaban leburori a aikin titin jirgin ƙasa a Amurka, a 1848 nakiya ta tashi ta harba wani rodin ƙarfe ya shiga ta kuncinsa na hagu ya fita ta saman kai. Bai mutu ba, ya rayu har 1860, amma likitansa ya rubuta cewa mutumin da aka sani da nutsuwa ya koma mai zagi marar haƙuri. An yi ta ƙara wa labarin gishiri daga baya, amma yana cikin abubuwan farko da suka sa likitoci zargin cewa hali yana da alaƙa da wannan ɓangaren.

Tela Mai Surfani:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya bar zumunci. Anti maganar bacci kin kama ni, in na samu awa uku a goman ƙarshe na gode Allah, kuma daga shan ruwa zuwa sahur shayi ne mai kauri da goro da lemon gwangwanin nan na ƙara kuzari. Maman Ilham maganarki ta shige ni, zan zauna da ita. Amma tambayata, a shago fa ba zan iya tashi in bar kwastoma tana tsaye tana faɗa ba, za ta ce na wulaƙanta ta, ya zan yi a wannan lokacin? Kuma in je asibiti ko ba sai na je ba?

Anti Nas:
Shayi, goro, lemon kuzari, duk kafin ne a ciki, sinadarin da ke hana bacci, kuma shi kansa yana sa bugun zuciya da rawar hannu ko ba wanda ya taɓa ka, ga shi yana ɗaukar wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jini, wanda ka sha ƙarfe biyun dare yana nan tare da kai bayan asuba lokacin da kake son ka ɗan runtsa. Ka fara ajiye na gwangwanin, kuma ko awa ɗaya ce bayan azahar ka rufe shago ku kwanta kai da yaran. Sauran maganin kuma tun watan Sha'aban ake shan sa, wato ka san inda za ka tsaya da karɓar ɗinki.

In kwastoma na tsaye ba sai ka fita ba. Ajiye almakashi tukuna, ka zauna in kana tsaye, ka ja numfashi ta hanci ka sake shi a hankali ya fi shigarsa tsawo, kamar ka ƙirga huɗu a shiga shida ko takwas a fita, don lokacin fitar numfashi ne wata jijiya mai suna begas ke rage wa zuciya gudu. Ba wanda zai gane kana yi, ka ɗauki rigar kana juya ta kamar kana duba wuyan. Ka tanadi magana ɗaya da za ka riƙa faɗa ba sai ka yi tunani ba, Hajiya ki ba ni zuwa la'asar in duba. Yaro kuma kada ka yi masa hukunci a take, ce masa ajiye za mu yi magana anjima, kuma anjimar ta zo da gaske, ku biyu ba a gaban mutane ba. In ka tashi daga shago kada ka zarce gida da zafinka, tsaya masallaci ka yi alwala ka ɗan zauna minti ashirin.

Asibiti kuwa ka je, ko don a auna jininka, hawan jini yawanci ba ya nuna alama, awo ne kawai ke faɗa. Kuma masu bincike a Harvard sun tattara alƙaluma a 2014 suka ga haɗarin bugun zuciya irin na toshewar jijiyar jinin zuciya yana ninkawa kusan sau biyar a cikin awa biyu bayan mummunan fushi, ga mai lafiya haɗarin ƙarami ne tun asali, amma ga mai hawan jini ko ciwon suga abin dubawa ne. In kuma bayan sallah ka koma bacci daidai amma rawar hannun da bugun ba su tafi ba, musamman in kana ramewa alhali kana cin abinci, ko zufa da jin zafi fiye da kowa, ka ce a duba maka tayirod, halittar nan ta gaban wuya, in tana aiki fiye da kima haka take sa mutum faɗa, gwajin jini ne kawai. Wanda kuma nasa ya kai ga duka ko fasa kaya, ko yana shan tiramol don ya jure aikin dare, ko ransa a ɓace yake kullum ba dalili har makonni, wannan ya ga likitan ƙwaƙwalwa, akwai Dawanau a Kano, akwai na tarayya a Barnawa Kaduna da Kware a Sakkwato da Maiduguri, kuma manyan asibitocin koyarwa duk suna da sashen. In za ka je awon jinin kada ka sha shayi ko ka ci goro minti talatin kafin nan, kuma ka zauna ka huta minti biyar kafin a ɗaura maka abin a hannu.